Butar Kawu da Gammonta

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Dutsin-Ma, ban daɗe da aure ba. Maƙwabciyarmu wata nas ce 'yar Kudu, Kirista, kowa a layin Sista yake ce mata. Da aka yi mata canjin wurin aiki, ranar da za ta tashi ta shigo da kwali ta miƙa wa matata. Ta ce ƙanenta ne ya zo mata da ita daga Ingila, kuma garin da za ta koma ba su da lantarki.

Butar lantarki ce. Na san irinsu tun ina ɗalibi a shekarun saba'in: na ƙarfe, masu igiya a gindi kamar wutsiya, waɗanda in aka manta da su ruwan ya ƙafe su ƙone, ɗaki ya ɗauki ƙauri. Wannan daban take. Ta farar roba ce, doguwa, kuma babu igiya a jikinta ko kaɗan. Igiyar tana jikin wani ɗan zagayayyen mazauni da ake ɗora ta a kai. A zuba ruwa, a ɗora, a danna makunnin da ke saman mariƙi, in ruwa ya tafasa ta kashe kanta. Muka ajiye mazaunin a ƙasa kusa da ƙofar falo, igiyar ta bi ta bayan kabad zuwa soket, ba mai ganinta. Matata ta huta da kunna risho saboda shayin safe.

A gidan ba mu ce mata komai sai buta. Da mun ba ta wani suna, da abin da ya biyo baya bai faru ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a Rawayau ta ƙasar Kurfi. Yakan zo ana gobe kasuwa ya kwana wurinmu. Abu biyu aka san shi da su. Na farko sanyin ƙashi, wanda ke sa yatsunsa su sandare in ya taɓa ruwan sanyi. Na biyu, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. In aka yi rikicin iyakar gona shi ake kira, ya ce nan kuka take a da, nan aka binne dutse, magana ta ƙare. Ba shi da sarauta, ba shi da shanu masu yawa. Wannan shaidar ita ce dukiyarsa.

Ya zo a lokacin sanyi. Da asuba ya fito ya tambayi buta. Ina daga ɗaki na ce tana nan bakin ƙofa, ina nufin tsohuwar butar alwala da ke waje. Shi kuma idonsa ya faɗa kan ta Sista. Ya ɗauka ya cika ta a randa, ya dawo ya ajiye ta inda ya ɗauke ta, don mutum ne mai mayar da abu wurinsa. Yadda yake riƙe buta, babban yatsansa a saman mariƙi yake zama, sai ya danne makunnin bai sani ba. Ya tsaya cire hula da naɗe hannun riga da 'yan addu'o'insa. Da ya sake ɗaukar butar ya tsiyaya a hannu, sai ya ji ruwa da ɗumi.

Bayan mun dawo daga masallaci ya zauna ya sa butar a gaba.

"Ɗana, wagga buta daga ina?"

"Daga Ingila, Kawu."

"Ni na ɗebo ruwan da hannuna. Randarku kamar ƙanƙara."

"Haka take aiki, Kawu. Ana ɗora ta a kan wannan ne."

Ya dubi mazaunin ya ce, "Gammon?"

Na ce e, gammon. Ban ga dalilin gyara masa ba, don kuwa abin ya yi kama da gammon da mata ke ɗora tulu a kai.

Ya yabi butar muna shan shayi. Ya yabe ta muna cin ƙosai. Da ya yabe ta ina ɗaukar littattafaina, na faɗi abin da kowane ɗa mai tarbiyya zai faɗa: "Ai taka ce, Kawu." A wurinmu wannan magana gaisuwa ce. Babba yakan ce Allah ya yi albarka, ya bar kayan inda suke. Na manta Kawu mutum ne da ke ɗaukar kowace kalma a kan ma'anarta.

Da na dawo daga makaranta na tarar da mazaunin shi kaɗai, matata tana zaune tana kallonsa.

"Ina butar?"

"Tana hanyar Kurfi."

"Ba ki gaya masa sai da wannan take aiki ba?"

"Malam, ni zan tsaya gaban surukina ina koya masa buta? Na dai turo masa shi da tsintsiya daga bayan labule. Ya ce a bar mana gammon, gidansa akwai mata, za su naɗa wani."

Na yi niyyar zuwa Rawayau a ƙarshen mako, sai jarrabawa ta riƙe ni. Kafin in samu sarari saƙo ya iso ta bakin wani direba: Kawu ya ce in zo, ba lafiya ba, amma ba ciwo ba ne.

Na same shi a zaure ya rame. Ashe ranar da ya koma, a majalisar ƙofar masallaci ya ba da labari cewa ɗansa na birni ya ba shi butar da ke ɗumama ruwa da kanta, ba igiya a jikinta, ba a hura mata wuta. Da yake shi ne ya faɗa, ba wanda ya yi musu. Washegari mutane suka taru, ya cika ta da ruwan rijiya ya ajiye. Aka jira. Aka taɓa, ruwa na nan yadda yake. Ya ce wataƙila gammo ne babu. Matan gidan suka naɗa na tsumma, aka gwada. Suka yi na kaba, aka gwada. Wani ya ce a sa ta a rana, Kawu ya ce wannan ha'inci ne, ranar da ta yi masa aiki rana ba ta fito ba.

Wanda ya fi jin daɗin al'amarin shi ne taubashinsa, ɗan goggonsa, abokin wasansa tun suna yara. Wani siririn tsoho ne da bakinsa ba ya hutawa. Ina zaune ya shigo.

"A'a, injiniya ya iso. Malam, ka zo da aljanin ko ka baro shi makaranta?"

Na gaishe shi. Ya juya wurin Kawu.

"Mai buta, na ce ka ba ni ita in ɗora a murhu, yanzu za ta tafasa, kowa ya huta."

"Roba ce, narkewa za ta yi."

"To ka ji. Butar da ke tsoron wuta ita ce ke dafa ruwa."

Da wasan ya tsaya a bakin taubashi, da sauƙi. Amma akwai rikicin wata gona da za a zauna a kai kafin damina, kuma ɗaya daga cikin masu rikicin ya riga ya je ya gaya wa mai gari ba zai karɓi shaidar mutumin da ya fara ganin abin da babu ba. Kawu ya faɗa mini wannan yana kallon ƙasa.

Na yi masa bayanin lantarki da mazauni da igiya, ya saurara har ƙarshe. Na ce zan je majalisa in maimaita.

Ya ce, "Za su ce ɗa ya zo rufa wa ubansa asiri. Abin da ido ya gani, ido za a nuna wa."

Aka shirya ranar kasuwa mai zuwa zai zo da liman da taubashin.

Suka iso da hantsi, butar a cikin buhu tare da barkono da igiyar akuya. Ta yi jirwaye, murfinta ya ɗan karkace, an ce ta faɗo daga kan jaki sau ɗaya. Na dube ta ina tsoron ta lalace. Amma ba ita ce matsalar ba. An ɗauke wuta tun safe.

Na ce, "Sai dai mu ɗan jira, ba wuta."

Taubashi ya gyara zama. "Mi ka ce, Malam?"

"An ɗauke wuta."

"Liman, ka ji da kunnenka. A Rawayau an ce mana ba ta son wuta. A Dutsin-Ma an ce sai an kawo wuta."

Liman mutum ne mai haƙuri, ya ce a jira. Muka jira. Matata ta aiko da fura, aka sha. Aka yi azahar da tsohuwar buta. Taubashi ya tafi kasuwa ya dawo, ya leƙa cikin butar ya tambaye ta ko ta huce fushi. Ya ce wataƙila ruwan Ingila ta saba da shi. Ya ce ko a yi mata Turanci, tunda ga malamin makaranta. Kawu kuwa yana zaune ya miƙe ƙafa, idonsa a kan ƙwan lantarkin da na bari a kunne.

Bayan la'asar liman ya fara maganar mota, don in motocin Kurfi suka gama lodi sai kwana. Ya miƙe yana neman takalmansa, sai yaran layin suka kaure da sowa, ƙwan ya kama.

Na taso zan ɗauki butar, Kawu ya ɗaga hannu.

"Kar kowa ya taɓa. Yadda na yi ran nan haka zan yi."

Ya ba liman ya taɓa ruwan randa. Ya cika butar, ya kawo ya ɗora a kan gammonta. Ina kallon babban yatsansa. Ya sauka inda ya saba sauka, wata 'yar fitila ja ta kama. Ya koma ya zauna ya cire hula.

Da farko shiru. Sai wani ɗan sauti kamar yayyafi a kan kwano. Sautin ya yi ta ƙaruwa, tururi ya fara fita ta baki. Taubashi ya ja tabarmarsa baya. Butar ta yi ta ɓararraka, sai ta yi ƙas, ta yi tsit.

"Wa ya kashe?" in ji taubashi.

Na ce ita ta kashe kanta.

Kawu ya ce, "Ta fi ka. Ita ta san lokacin yin shiru."

Wannan ce amsarsa ta farko ga taubashi tun hantsi. Amma taubashi bai gama ba. Ya rarrafa ya leƙa bayan kabad, ya jawo igiyar ya ɗaga sama kamar wanda ya kamo ɓera.

"To ga igiya. Kuma mun yini muna jiran wuta. Ka ce ba igiya, ka ce ba wuta. Biyu ke nan."

Liman ya dubi Kawu. "Mi ka ce a majalisa? Faɗi yadda ka faɗa."

"Na ce buta ce ba igiya a jikinta, kuma ba a hura mata wuta."

Liman ya ce lalle haka ya ji. Ya ɗaga butar, ya juya ta gaba da baya a hankali saboda zafi.

"Igiya dai ta gammo ce, kuma bai ce gammo ba shi da igiya ba. Wuta kuma, ni ban ga wanda ya durƙusa ya hura ba. Kai ka gani?"

Taubashi ya ce bai gani ba, amma wannan shari'a ce ta 'yan birni. Liman ya ce zai faɗi abin da ya gani bayan sallar Juma'a. Daga nan taubashi ya nemi a sirka masa ruwan, ya ce tunda an wahalar da shi yini guda, zai ji abin da ake ji. Ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa.

Da za su tafi, Kawu ya ce butar tasa ce, amma ya bar ta ajiya a wurinmu tunda gammonta ba ya tafiya. Na raka su tasha.

Na dawo na tarar da matata ta tsaya a kan butar, ba ta taɓa ta ba.

"Malam, ka tambaye shi inda da inda ta shiga a Rawayau?"

Ban tambaya ba. Da ya dawo kasuwa ta gaba na tambaya, cikin ladabi da kewaye-kewaye, ko butar ta taɓa zagayawa bayan gida. Ya dube ni da mamakin tambayar.

"Buta ce fa, ɗana."

Na kai wa matata amsar yadda aka ba ni. A ranar ta sauko da risho daga kan kabad ta aika a sayo kananzir. Ba a sake dafa shayi a butar Sista ba.

An zauna kan rikicin gonar kafin ruwan farko. Kawu ya nuna inda aka binne dutse, aka tona aka same shi, wanda ya ƙi shaidarsa ya ba shi hannu. Butar kuwa ta yi shekaru a bakin ƙofarmu tana ɗumama ruwan alwala, ba ta taɓa lalacewa ba, in ta ƙi aiki to wuta ce babu. Kowace kasuwa Kawu zai duba murfinta ya tambaya ko ana kula masa da ita. Taubashi ma ya koma sauka a gidanmu duk lokacin sanyi. Yana shigowa, kafin gaisuwa ta ƙare, zai leƙa bakin ƙofa ya ce, "Malam, an kawo wutar da ba a hurawa?"