Kwamin da Shanu Suka Ƙi

Shekarar da na kafa rumfa a unguwar Chagoua ina narka tsofaffin robobi, ban iya zama wuri ɗaya ba. Ko tuwo nake ci, in na hango fasasshiyar jarka a bakin kwata sai na tashi. Mu mahauta ne kaka da kakanni, kuma Baba bai ɓoye mini ra'ayinsa ba. Ya ce ya ba ni zuwa faɗuwar damina: in abin ya tsaya da ƙafarsa, to, in bai tsaya ba, in dawo teburin nama. Ni kuwa na tsani teburin nan, ƙudansa da ƙarninsa duka.

Kwamin shayar da shanu nake so in yi. Matsalar ita ce robobi ba jinsi ɗaya ba ne. Ta jarka daban, ta kujera daban, ta bokiti daban, in ka narka su tare sai su yi kamar sun shirya, da sun huce kuma kowace ta kama gabanta. Ka ɗaga kwamin ka ji ƙas, ya tsage. Na zuba yashin kogi, ya yi nauyi ya ƙara gautsi. Na gwada toka, na gwada garin katako, na kankare tsohuwar taya na barbaɗa. Maƙwabta suka gaji da hayaƙina, ni ma na gaji da kaina.

Wata rana ina wucewa ta wurin Baba na ga kitsen da ya rage a tire. Na tuna yadda yake tausasa busasshiyar fata da shi. Na kwasa na zuba a tukunyar narka roba. Wallahi kwamin da ya fito ranar, na hau kansa na yi tsalle, na buga shi da ƙasa, sai ya lanƙwasa ya dawo. Murna ta hana ni cin abinci.

Ni da Baba muka kai shi kasuwar shanu a amalanke, wurin wani dattijo Bafulatani, aminin Baba. Rana ta take, aka cika kwamin da ruwa, aka kora shanun da suka kwaso ƙishi tun daga hanya. Babban bijimin ya sunkuya, ya shinshina, ya yi huci ya ja da baya. Na bayansa ma haka. Suka tsaya cirko-cirko suna kuka, ga ruwa a gabansu.

Dattijon ya kai hancinsa bakin kwamin, ya dube ni.

"Ɗana, me ka sa a ciki?"

"Kitse ne kaɗan, Baffa."

"Na saniya?"

Na ce e. Ya girgiza kai. "Rana ta gasa shi, warin ya tashi. Ko su mutu ba za su sha ba."

Na shiga rantse-rantse cewa zan sake da wani mai, a ba ni mako biyu kawai. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ya haɗo ta gabas.

"Kalas, magana ta ƙare," in ji shi. "Kwaminka mai kyau ne, zai yi mana wankin tumbi. Gobe ka fito da wuri."

Na fito. Ya miƙo mini wuƙa, na fara fiɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hannuna bai manta komai ba.