Fedar da Inna Salamatu ta zaɓa mini

Ɗazu ina kakkaɓe tsohon akwati sai ga 'yar jar fedar nan. Na zauna ina dariya ni kaɗai.

Lokacin dogon yajin aikin nan aka kira ni da abokan kiɗana kiɗan biki a garin Dapaong, fitarmu ta farko daga Sokodé. In muka ji kunya, shi ke nan. Sintetizata kuwa, wato fiyanon lantarkin da nake kaɗawa, murya gare ta kamar sauro. Wani ɗan kasuwa a unguwar Komah ya ba ni feda biyu, baƙa da ja, irin waɗanda ake takawa sauti ya yi kauri, in gwada in zaɓa.

Na taka baƙar a ƙofar gida, sauti ya tashi kamar harbin bindiga. Kafin in ɗage ƙafa an rufe kantuna uku, an zaci sojoji ne.

Inna Salamatu mai ƙosai ta leƙo daga bayan tebur: "Kai Idi, biki za ka ko juyin mulki?"

Na taka jar. Sauti ya fito da zaƙi kamar algaita, sai ga Inna tana rangaji, matsami a hannu.

"Wannan ɗai. Waccan ka aika Lomé, fadar gwamnati."

A Dapaong har kakar amarya ta taka rawa.

Duk karance-karancena ban kai Inna kunne ba. Ku fa, wa ya taɓa fitar da ku kunya haka?