Tumakin Baba da Igiyar Aurena

Mijina soja ne, a barikin Shadawanka muka yi zaman aurenmu. Tun da ya dawo daga bakin daga ya rage magana, ya daina cin abinci tare da ni. Wata safiya ina dama masa koko, ya ce, kansa a sunkuye, "Na sake ki. Ba ki yi mini komai ba. Ni ne na kasa zama da mutum."

Keke Napep ɗaya ya ɗauke ni da kayana zuwa gidanmu a Gwallaga. Mahaifiyata ta rasu, ƙannena duk sun yi aure. Baba kaɗai na tarar da tumakinsa, ragowar abin da ya shigo da shi gari lokacin da ya bar kiwo.

Washegari ya ce, "Uwata, saki tumakin nan su fita."

Na tsaya riƙe da igiya, na kasa kwancewa. Tun ina yarinya nake jin wannan kalma. A saki akuya, a saki hannun yaro, a saki fuska. Ban taɓa lura ita ce dai ake raba aure da ita ba.

Na ce, "Baba, ashe da ni da tunkiya kalma ɗaya ce?"

Ya zauna a bakin turke. Ya ce Bahaushe ya ɗauki aure igiya, shi ya sa ake cewa igiyar aure, ƙarshensa kuwa a saki. Ya ce malaminsu ya taɓa gaya musu ko ɗalaƙi, wato saki da Larabci, daga kwance dabaibayin raƙumi ya samo asali.

"Ba wulaƙanci ba ne," in ji shi. "Kwancewa ce."

"To ina wanda aka kwance zai je?"

Ya karɓi igiyar ya kwance da kansa.

A ɗakin mahaifiyata na yi idda. Ana ta cinikayya a bayan katanga, masu babur na wucewa, ba mai sallama saboda ni. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, ko mijina ne zai ce ya mayar da ni. Bai kira ba. Daga baya matar maƙwabcinmu na bariki ta gaya mini an sauya masa wurin aiki.

Ranar da iddata ta cika na yi wanka, na sa lalle, na dafa shinkafa da wake. Baba yana kasuwa. Na zuba nasa a kwano na rufe, na ci nawa a tsakar gida.