Ranar da Baba Bai Gaida Kowa Ba

Baba ba ya iya wuce mutum a hanya. Abin da ya haɗa ni da shi ke nan duk shekarun da na yi ina sakandaren jeka-ka-dawo a Rogo, daga ƙauyenmu da ke gefen Zoza. Sauran 'yan makaranta a-kori-kura suke hawa, wata tsohuwar mota mai kwasar buhunan gyaɗa da 'yan kasuwa. Suna tsaye a baya, sun riƙe ƙarfe, ana hira ana shewa. Ni kuwa ina bayan babur ɗin Baba kamar ƙullin niƙa.

Inna ta sha yi masa magana. "Malam, ka bar ta ta bi 'yan uwanta mana. Motar nan ba ta cinye ɗan kowa ba."

"Ba zan ɗora 'yata a kan buhu tsakanin awaki da kwandasta ba," in ji shi. "Ina da babur, ina da lafiya."

Babur ɗin ya fi motar gudu, amma kullum ita ke riga mu isa. Mai faskare, mai tallar nono, tsoho a kan jaki, kowa sai Baba ya taka birki. Ina kwana, ya iyali, ya mai jiki, ya aka ji da zafi. In muka zo ƙofar Kawu, ƙanin mahaifiyarsa wanda ya riƙe shi tun yana maraya, sai ya kashe injin, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna. Ni ina tsaye ina cizon mayafi don haushi. Na sha bulalar latti har na daina kuka, 'yan ajinmu suka laƙaba mini Uwar Latti.

Da jarrabawar fita ta zo, shugaban makaranta ya tara mu ya ce in an rufe ƙofar ɗakin jarrabawa, ko 'yar wane ce ba za a buɗe mata ba, sai baɗi. Na san da ni yake. Na roƙi Baba ya bar ni na bi mota ko na kwanakin nan ne. Ya ce za mu yi sammako, shi ke nan.

Mun yi sammakon. Amma a daren an tafka ruwa, ruwan shuka na farko, rafin da muke tsallakawa ya cika ya batse. Dole muka koma baya muka zagaya ta wata hanya mai nisa. Kafin mu dawo kan hanyarmu rana ta ɗaga, kuma duniya duk ta fito shuka. Kowace gona da mutanenta a bakin hanya, kowa ya san Baba. Na ce a raina yau na gama yawo.

Mutumin farko ya ɗaga hannu. Baba bai rage gudu ba. Na biyu ya ƙwala masa kira da sunansa, ko waiwaye bai yi ba, don hanyar duk santsi ce kuma hannuwansa biyu na kan kan babur. Sai ga Kawu zaune a kan buzunsa a ƙofar gida, har ya gyara zama yana jiran a tsaya. Na ji bayan Baba ya sandare a ƙarƙashin hannuna. Muka wuce, taɓo na fallatsa.

Na tarar malami ya kama ƙofa zai ja. Na shige.

Da muka fito babu Baba a gindin darbejiyar da yake jirana. Ranar na fara hawan a-kori-kura, na samu ƙarfe na riƙe, ina ta murna. Da muka iso ƙofar Kawu direba ya rage gudu saboda rami, sai na hango Baba. Babu babur, da ƙafa ya zo. Daga baya na ji gona-gona ya bi yana ba mutane haƙuri. Yana tsugune a jiƙaƙƙiyar ƙasa, takalmansa a gefe, mutum mai furfura a gemu, Kawu kuwa ya kawar da kai yana jan carbi. Wata 'yar ajinmu ta taɓa ni ta ce, "Ba babanki ba ne wancan?" Kunya ta kama ni, da tausayi, da wata irin ƙauna da ban san ina da ita ba.

Sai bayan la'asar ya shigo gida, gwiwoyin wandonsa duk laka. Na kai masa ruwa na durƙusa.

"Baba, Kawu ya haƙura?"

"Tukuna." Ya sha ruwan ya ajiye kwanon. "Ke dai kin samu shiga?"

"Na samu."

"To, alhamdu lillahi. Ki je ki yi karatun gobe. Kawu nawa ne, zan koma."

Ya yi ta komawa har aka yi noman farko kafin tsohon ya amsa masa gaisuwa. Baba ya rasu da jimawa, Allah ya jiƙansa. Na gode masa a kan abubuwa da yawa yana raye, amma duk sanda na ɗauko zancen ranar nan sai ya ce in bari, shi har yanzu kunyarta yake ji.