Ɗorawar Mma a hanyar Makango

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, daddawa take yi. A Salaga duk mai son miyar kirki ya san ƙofar gidanmu. Kalwar da take dafawa daga itace ɗaya take fitowa, wata tsohuwar ɗorawa a bakin kurmin da ke hanyar Makango. Ba tamu ba ce. Wani dattijo ɗan ƙabilar Gonja mai ƙasar wurin ne ya bar wa kakata ta riƙa tsinka, ita kuma ta bar wa Mma, kowace shekara ana kai wa gidansu ƙwaryar daddawa ta godiya.

Al'adar garin, idan an gama cire doya maza sukan sa wa daji wuta su kori gafiya da zomo. Tun ina yarinya nake ganin haka. Wutar takan bi ciyawa, ta lashi gindin itatuwa ta wuce. Ɗorawa da kaɗanya su yi baƙi, bayan ɗan lokaci kuma su tofo kamar ba a yi ba. Kowa ya san wuta ba ta kashe su, ni ma na sani.

Amma shekarun da na yi aure ruwa ya fara yi mana rowa. Damina ta zo a makare, ta tafi da wuri, ta bayanta ma haka, har aka kai shekarar da muka yi layin masarar taimako. Rijiyoyin Salaga da ake yabo, sai ka ji guga ya bugi taɓo. Mu mata masu zuwa itace mun ga kurmin yana canjawa. Ganye ya zube kafin lokacinsa. Ɓawon itatuwa ya tsage, ƙwari sun shiga suna zubo gari. Rafin da ke ratsa wurin, wanda a da shi ke tare wuta, ya zama hanyar shanu.

Ranar da wan mijina ya zo ɗaukar maigidana za su farauta, Mma tana gidanmu. Ta ce wa wan mijin nawa, "Ɗana, bana ku ƙyale wajen kurmi. Itatuwan nan ƙishirwa suke ji."

Ya yi dariya. "Mma, itace ma yanzu azumi yake? Kakanmu ya ƙona wurin nan, ubanmu ya ƙona, ɗorawarki tana nan tsaye."

Na ce, "Yaya, lokacinsu rafi yana da ruwa."

"Amarya, in mun kawo nama ke ce za ki fara miƙo kwano."

Maigidana bai ce komai ba. Ya ɗauki ashana daga bakin murhuna ya sa a aljihu. Wannan shirun nasa ya fi dariyar wansa ci mini rai.

Wutar ba ta tsaya a ciyawa ba. Ta hau sama, ta tsallake rafin, ta cinye kurmin har ta kai gonakin mutane. Gafiya ƙalilan suka kamo, su ma a ƙone.

Da ta lafa na raka Mma. Ɗorawar tana tsaye, baƙa ƙirin. Mma ta kankare ɓawon da wuƙa, ta ga ɗan ɗanye a ciki, ta ce Alhamdu lillahi har da hawaye. Muka yi ta jiran jan furen nan nata mai kama da ƙwallo. Bai fito ba. Ta ce hutawa take yi, baɗi za ta rama.

Hadarin farkon damina ya zo da iska, irin wadda ɗorawar ta sha gani tun kafin a haifi Mma. Wannan karon ta kwanta. Da muka je muka tarar gindin kogo ne cike da gawayi. Wutar ta bi tsagin ɓawon ta ci cikin, saiwoyin kuwa sun bushe kamar itacen girki. Ba ita kaɗai ba, kaɗanyun da ke bayanta duk sun zube.

Wan mijina yana wurin da gatari. Ya ce, "Mma, sai haƙuri. Ƙaddara ce."

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Allah ne ya riƙe ruwa, ban yi gardama ba. Amma ashanar daga murhuna aka ɗauke ta, ina kallo. Astagfirullah, har yau in na ji an fake da kalmar nan sai ƙirjina ya yi zafi.

Mma ta je gidan dattijon hannu wofi ta ba shi haƙuri, kamar ita ta yi laifin. Ta gwada sayen kalwa wurin fataken Yendi, riba ba ta fita ba, sai ta kife tukunyar.

Maigidana ya kawo mini rabonsa na itacen, ya jibge bayan madafa, ya ce zai kai mu har rani. Ban taɓa ko reshe ɗaya ba. Na ci gaba da tafiya nesa ina ɗauko nawa a ka. Shi kuma bai tambaye ni dalili ba, har gara ta cinye itacen.