Nababa da Gidajen Ummu Salma

Duk ƙasar Minjibir ba a taɓa yin mai ɓatan hanya irin Nababa ba. Mu taubasansa mun shaida, mutumin nan zai iya fita alwala ya ɓulla Bagwai. Amma shekara goma sha tara yana ratsa gonaki da babur bai taɓa kwana a hanya ba, don matarsa Ummu Salma tana zaune a bayansa.

Ita ke matsar man gyaɗa, ita ta san gidajen da ake saye, gida goma sha huɗu warwatse cikin ƙauyuka. Kowace Alhamis ya ɗaura jarka ta hau, tana ta faɗa masa, "Dama, Malam. Dama na ce, hannun cin tuwo!" In sun isa ta shige ciki, shi kuwa namiji ba ya shiga gidan mutane, sai ya kafe babur a gindin bishiya ya hau gyangyaɗi. Ko sunan maigida ɗaya bai riƙe ba.

Bara da kaka Allah ya yi mata rasuwa. Sai da damina ta faɗi 'yarsu Tahira ta karɓi sana'ar, ta ce, "Baba, kada mutanen Inna su zaci mun yar da su. Wasu ma ba su ji rasuwar ba."

Alhamis uku yana fita yana dawowa da jarka cike. Ta huɗu sai ya shiga motar Kano neman na'urar nan mai nuna hanya da ake ɗaurawa a kan babur.

Mai shagon, wani Abdulkabir, ya jera masa uku. "Wannan fuskarta da faɗi, Baba. Wannan tana magana da muryar mace. Wannan kuwa kurma ce, ba ta magana, amma ruwan sama ba ya shigarta, kuma duk inda ka tsaya ka danna maɓallin nan, ta riƙe wurin har abada."

"Wacce ta san gidan da ke bayan tsamiya, inda ake kiwon agwagi?"

Abdulkabir ya yi dariya har da buga kantar shagon. "Baba, ko ta Bature ba ta san shi ba. Sai ka kai ta da kanka sau ɗaya."

Nababa ya sa aka kunna mai maganar. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce a kashe. Ya ɗauki kurmar.

Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, hanyar gona kowacce kamar 'yar'uwarta. A fuskar na'urar babu komai sai fili da 'yar kibiya ita kaɗai. Dole ya riƙa tsayawa wajen masu noma yana tambaya, "Ina gidan da Ummu Salma ke kai mai?" Duk wanda ya tambaya sai ya ajiye fartanya ya yi masa ta'aziyya, shi kuma ya amsa kamar jiya aka yi.

A gindin tsamiyar, wata tsohuwa ta leƙo daga zaure. "Kai ne sarkin barcin nan? Ina mutuniyar tawa? Wata tara ina miya da man kanti!"

Ya faɗa mata. Ta zauna a dakali tana salati. Da ya cika mata kwalbarta ta shige ciki, ya danna maɓallin.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har gida goma sha ɗaya. Ukun da suka rage babu wanda ya san su. Tahira ta ce a haƙura haka nan, ya ce to. Amma duk Alhamis sai ya cika kwalba uku ya rataya daban, in ya gama zagayensa ya karya kan babur ya shiga wata hanyar da bai taɓa bi ba.