Tsamiyar da Na Kawo wa Kakata

Kakata mutuniyar Gashuwa ce, kuma har ta bar duniya ba ta yafe wa Nguru ba. Babana ne ya ɗauko ta bayan ya samu aiki a tashar jirgin ƙasa, zamanin da ake lodin gyaɗa ba ji ba gani. Kullum mita take, wai gari ba inuwa, sai ƙarar ƙarfe. Burinta ɗaya, ta sake ganin tsamiyar bakin kogi inda ta tsufa tana bandar kifi. To, ƙafa ta ƙi, ga yana ta fara rufe mata ido.

Ni kuwa lokacin haukan zane ya kama ni. Tawadar allo nake haɗawa, gawayi da ƙaro, in tsinka ta da ruwa a ƙoƙuna, daga baƙi ƙirin har zuwa toka-toka. Na shafe bangon ɗakinta da farar ƙasa, na ce zan kawo mata Gashuwa har gida. Na zana mata tsamiyar a jikinsa.

"Kai, maigida," in ji ta, don haka take kirana saboda wasan jika, "wannan tsamiya ce ko kan mahaukaciya?"

Na gyara. Ta ce itacen ba laifi, amma inuwar fa? "Ko akuya ba za ta kwanta a nan ba. Ka zuba baƙi kamar gindin tukunya. Inuwar tsamiya ido-ido gare ta, rana na leƙowa, sakarai!"

Na ce, "Tsohuwa, da wane idon kika gani?" Ta jefe ni da mafici.

Haushi ya sa na ɗare motar kaya sai Gashuwa, in gani da idona. Na tarar ruwa ya cinye gaɓar, tsamiya ta tafi, ko kututture babu. Wallahi sai da na yi hawaye, ni da ban taɓa zama ƙarƙashinta ba. Na samu wata tsamiyar can gaba, na wuni ina kallon ƙasa, masunta na wucewa suna yi mini sannu irin ta marar lafiya. Ashe tsohuwa da gaskiyarta. Duhun yana kusa da gindi, sai ya riƙa sirkewa zuwa waje, ga ɗigon haske ko'ina.

Da na dawo, na sa wuƙa na kankare baƙin, wuri-wuri, har farar ƙasar ta leƙo. Tana zaune tana kallona.

"Tana nan?" ta tambaye ni.

"Tana nan daram. Ta ce a gaishe ki."

"Maƙaryaci. Fataken kifi sun gaya mini tun bara."

Na ajiye wuƙar. Ita kuwa ta ja jiki da tabarmarta har jikin bangon, ta kishingiɗa daidai ƙarƙashin zanen. Na tsaya a kanta ina jiran zagi.

"Me ka tsaya yi a rana?" ta ce. "Zauna mana, inuwar ta ishe mu mu biyu."